Kama da Wane Ba Ta Wane: Sirrin Baƙin Ƙudan Kogunan Zuma

A cikin mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 1962 akwai wani rahoto a kan yaƙin da aka yi da baƙin ƙuda a Abuja, Arewacin Najeriya, daga 1955 zuwa 1960. Ɗan zamani in ya gani sai ya ce maɗaba'a ta yi tuntuɓe, don kuwa a 1955 ko tubali ɗaya ba a aza ba a Maitama ko Asokoro. Amma babu kuskure. Abujar da ake nufi ita ce ta asali, garin da Abu Ja ya kafa a 1828, bayan jihadi ya fitar da ɗan'uwansa Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya ya gangaro Zuba. Da aka zaɓi yankin ya zama mazaunin babban birnin tarayya a 1976, sai garin ya sallama sunansa, ya ɗauki Suleja daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau. Suna ɗaya, gari biyu.

Abin da masu rahoton ba su sani ba shi ne, ƙudan da suka shekara biyar suna fafatawa da shi a kogunan da ke zagaye da Dutsen Zuma yana da irin wannan ruɗani, har ma ya fi. Suna ɗaya aka raɗa masa, alhali ƙudaje ne iri-iri masu kama ɗaya da hali daban. Shekara sittin da 'yan kai masana suka yi suna kallonsu ba su gane ba. Da ranar ganewa ta zo, ɗan Najeriya na cikin mutum biyu da suka kwance ƙullin.

Ƙaramin ƙuda, babbar asara

Baƙin ƙuda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Gajere ne, mai doro, kuma macen ce kaɗai ke cizo. Ba ta bin mutum ɗaka kamar sauro. Da rana take farauta, a gona, a mashaya, a wurin wanki, kuma ta fi son ƙafa da ƙwauri. Ƙwanta ba a kwata ko kududdufi take zubawa ba, sai a inda ruwa ke tsalle kan duwatsu yana kumfa, domin tsutsarta na buƙatar ruwa mai gudu mai iska. Tsutsar kan manne a jikin dutse ko ganyen da ke jan ruwa, ta buɗe wasu gasu biyu a kanta kamar mafici tana tace abinci. A zafin ƙasarmu, kwana goma zuwa mako biyu sun isa ƙwai ya zama ƙuda mai tashi. Wanda ya san kogin Gurara, ko ya taɓa tsayawa a Mayanka inda kogin Iku ke zubowa, ya san cewa Allah ya hore wa ƙasar Suleja irin wannan ruwa.

A 1903 wani masanin ƙwari Bature, Frederick Theobald, ya duba samfurin da aka aiko masa daga Yuganda ya sa masa suna *Simulium damnosum*. Kalmar ta biyu da Latinanci na nufin mai jawo asara. Lokacin zafin cizonsa kawai aka sani. Sai a 1926 Donald Blacklock ya nuna a Saliyo cewa shi ne ke ɗaukar wata tsutsa mai suna *Onchocerca volvulus* daga jikin wani zuwa jikin wani. Uwar tsutsar kan naɗe a cikin ƙululu ƙarƙashin fata, a kwatangwalo ko haƙarƙari, ta yi shekara goma zuwa goma sha biyar tana haihuwar 'ya'ya dubbai da ido ba ya gani. Su ne ke yawo a fata suna sa ƙaiƙayin da ke hana barci, su mayar da fatar saurayi ta tsoho, su bar dabbare-dabbare a ƙwauri. In suka shiga ido suka mutu a can, gani ya riƙa raguwa ke nan har ya ɗauke. Ita ce makantar kogi. A ƙauyukan da ta yi ƙamari, yaro riƙe da sanda yana jan mahaifinsa ya zama abin gani kullum, ƙarshe mutane su gudu su bar fadama mai albarka su koma kan tudu mai tsakuwa.

Gwajin da aka yi a ƙasar Abuja

A tsakiyar shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta zaɓi masarautar Abuja don ta gwada ko za a iya karya lagon ƙudan nan. Roger Crosskey ne ya fara jagorantar aikin, tare da matarsa Margaret, daga baya John Davies ya karɓa. Shekarar 1955 aka yi ta ana ƙidaya kawai, don a san yawan ƙudan kafin a taɓa shi. Daga 1956 aka fara zuba maganin DDT a kogunan Gurara, Tafa, Iku da Usuma a farkon damina, mako-mako. Dabarar mai sauƙi ce: tunda tsutsar tace ruwa take yi, duk abin da ruwa ya kawo za ta haɗiye. A zuba magani a sama, ruwa da kansa ya kai shi kowane lungun dutse.

Ƙidayar kuwa da jikin mutane aka yi ta. 'Yan ƙasa ne ke zama a bakin kogi, su naɗe wando, su bar ƙafa a fili, ƙuda na sauka su kife shi da 'yar kwalba kafin ya ciza. Sunayensu ba sa kan rahoto, amma duk wani adadi da ke ciki daga ƙwaurinsu aka samo shi.

Sakamakon ya zo da daɗi da ɗaci. Cizo ya ragu da wajen kashi tara cikin goma, manoma suka sarara. Amma ƙudan bai ƙare ba. Kowace shekara ruwa na sauka sai ga shi, kamar ba a yi kome ba bara. Da Davies ya wallafa nazarin shekara goma na aikin a 1968, bayan an yanki 'yar fata a jikin mutanen ƙauyuka an duba, tsutsar na nan a jikin jama'a da yawa. Wani ɓangare na dalilin a fili yake: tsutsar da ke rayuwa shekara goma sha biyar ba ta ƙarewa a shekara goma. Ɗaya ɓangaren shi ne ya zama ƙaƙa-ni-ka-yi. In an kashe tsutsar ƙuda a kogi, daga ina manyan ke fitowa?

Akwai kuma wata tambaya da ta girmi wannan. Likitan ido F. H. Budden, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya kwatanta masu cutar na ƙasar kurmi da na ƙasar ciyawa, ya tabbatar da abin da likitoci suka daɗe suna lura da shi. A kurmi ƙuda ya yi yawa, ƙululu da ƙaiƙayi sun yi yawa, amma makafi kaɗan ne. A ƙasar ciyawa kuwa, irin tamu, makanta ce ke cinye gari. Ƙuda ɗaya, tsutsa ɗaya, in ji littafi. To, me ya raba? Ruwa dai ba ya tsami banza. A 1966 Brian Duke da abokan aikinsa a Kumba ta Kamaru suka ciyar da ƙudajen kurmi da na ƙasar ciyawa jinin masu cutar daga sassan biyu. Tsutsar mutumin kurmi ta girma sosai a cikin ƙudan kurmi, ta kasa a cikin na ƙasar ciyawa, haka nan in an juya. Ke nan akwai bambanci, ido ne dai bai iso gare shi ba.

Tsagar da ke ciki

A da, Bahaushe kan dubi fuskar baƙo ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, tun bai buɗe baki ba, saboda tsagar gado. Baƙin ƙuda ma yana da tsaga, sai dai a cikinsa take.

Tsutsar ƙudan tana saƙa wani siririn zare da take ɗaure kanta da shi a jikin dutse don kada ruwa ya tafi da ita. Zaren daga wasu jakunkunan yawu biyu yake fitowa, masu tsawo har kusan ƙarshen jikinta. A cikin ƙwayoyin waɗannan jakunkuna, zaren gadon halitta da masana ke kira kuromosom yakan ninka kansa sau ɗaruruwa ba tare da ya rabu ba, har ya yi kaurin da madubin likita na yau da kullum zai nuna shi. In aka jiƙa tsutsar a ruwan barasa da ruwan tsami, aka ciro jakar, aka rina ta, aka danne tsakanin gilasai biyu, sai a ga zare uku masu ratsi-ratsi, baƙi da fari, mai kauri da siriri, kamar saƙin zanen gargajiya.

Jerin ratsin nan ba ya canzawa tsakanin 'yan gida ɗaya. Amma a tarihin halitta wani lokaci yanki guda kan yanke ya juya ya sake haɗewa, kai ya koma gindi, kamar tela ya yanki ƙyalle ya ɗinke shi a juye. Jikoki duk su gaji wannan juyi. Ga inda hujjar take: ɗa yana karɓar zare ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In mai juyi ya auri marar juyi, zaren biyu ba za su kwanta daidai a jikin ɗansu ba, sai sun yi lanƙwasa kamar zobe, kuma ana ganin zoben a madubi. Saboda haka in aka tarar da iri biyu a kan dutse ɗaya, a kogi ɗaya, aka duba tsutsa ɗaruruwa ba a ga mai zobe ba, to waɗannan ba sa auratayya. Maƙwabta ne, ba dangi ɗaya ba. A ilmin halitta kuwa, rashin auratayya shi ne iyakar da ke raba jinsi da jinsi.

Wani masani a Kanada, Robert Dunbar, shi ya fara gwada wannan a kan *damnosum*. A 1966 ya ba da sanarwar cewa a samfurin Yuganda kaɗai jinsi huɗu ne ke ɓuya ƙarƙashin sunan. Aikin Afirka ta Yamma kuwa tare da Charles Vajime ya yi shi, ɗan ƙasar Binuwai wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Jihar Binuwai a Makurɗi. A 1975 suka wallafa bayanin jinsi takwas, kowanne da taswirar ratsinsa. Sunayen da suka raɗa sun bi koguna da garuruwan da aka ɗebo samfurin: *sirbanum* daga kogin Sirba da ke fitowa daga Burkina Faso ya zuba a Kwara cikin Jamhuriyar Nijar, *soubrense* daga garin Soubré na Kwaddebuwa, *sanctipauli* da *yahense* daga kogunan Laberiya.

Da aka ɗora sunayen kan taswira sai tsohuwar tambayar Budden ta samu amsa. *Sirbanum* da *damnosum* na ainihi su ne 'yan ƙasar ciyawa, kuma inda suke nan ne makanta ta fi tsanani. *Yahense* da *sanctipauli* 'yan kurmi ne. *Squamosum* na son ƙananan kogunan tsaunuka. Kowane rukuni da irin tsutsar da ya saba ɗauka. Ƙasar Suleja na cikin ɗamarar tsakiyar Najeriya, inda binciken da Hayward Mafuyai na Jami'ar Jos ya wallafa tare da Vajime da wasu a 1996 ya nuna 'yan ƙasar ciyawa da 'yan tsauni na zaune kusa da juna. A yau ire-iren da aka rarrabe ƙarƙashin tsohon sunan Theobald sun haura hamsin.

Baƙin da iska ke kawowa

Saura tambayar Abuja. Ita kuma sai da aka maimaita gwajin a fili mai faɗin gaske ta warware. A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa shirin yaƙi da makantar kogi a ƙasashe bakwai, har da Nijar, Ghana da Mali, hedkwata a Wagadugu. Daga 1975 jirage masu saukar ungulu suka riƙa fesa maganin temefos a koguna kowane mako. Kogunan suka tsarkaka daga tsutsar ƙuda. Damina na kamawa sai ga ƙudaje sun cika bakin ruwa, abin da ya faru a Gurara ya sake faruwa, a wannan karo a gaban duniya.

Amma yanzu akwai makami. Matsalar ita ce tsaga a jikin tsutsa ake karanta ta, mai cizo kuwa babbar mace ce. Sai aka riƙa kama matan da rai, a sa su zuba ƙwai a ɗakin bincike, a reni 'ya'yan, a karanta asalin uwa a jikin ɗiya. Aka tarar baƙin nan *sirbanum* ne da *damnosum* na ainihi, akasarinsu tsofaffi da suka riga suka sha jini, wasu ɗauke da cutar. A 1979 Rolf Garms da Frank Walsh da John Davies, wato mutumin Abuja, suka wallafa bayanin: iskar damina da ke busowa daga kudu maso yamma ce ke kwaso su daga kogunan da ba a fesa ba, tafiyar da kan kai kilomita 500. Wanda ya share ɗakinsa guguwa na kaɗawa a tsakar gida bai gama shara ba. Yankin Abuja tsibiri ne ƙarami a tsakiyar kogunan da ba wanda ya taɓa su, don haka ko da an kashe na gida kaf, na maƙwabta na tafe.

Sanin asali ya sa aka faɗaɗa shirin kudu da yamma har ƙasashe goma sha ɗaya, aka bi ƙudan har mahaifarsa. Da maganin ya daina kashe tsutsa a kogin Bandama a 1980, karatun ratsi ne ya nuna cewa 'yan kurmi ne suka yi taurin kai, aka canza musu magani ba tare da an rushe shirin duka ba. Lokacin da aka rufe shi a 2002, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an kare mutum 600,000 daga makanta, an kuma mayar da hekta miliyan 25 ga manoma.

Maƙwabtan da ba a san sunansu ba

Tsutsar baƙin ƙuda ba ita kaɗai ke kan dutsen ba. Wanda ya ɗaga dutse a Iku zai ga wasu 'yan ƙwari masu jela uku ko biyu suna rugawa. 'Ya'yan ƙwaron nan ne mai fukafuki garai-garai da ke taruwa a fitila kusa da ruwa, da safe a tarar da gawarsa zube. Masana na kiran danginsa Ephemeroptera, wato masu gajeren kwana, don babbansu ba shi da bakin cin abinci, sa'o'i kaɗan ko kwana ɗaya zuwa biyu yake yi ya hayayyafa ya mutu. Su ne abincin kifi. A tafkin Kainji, ɗaya daga cikinsu mai suna *Povilla adusta* ya mamaye itatuwan da ruwa ya shanye bayan datse kogin a 1968, yana huda su yana zama ciki, kifaye na kiwo a kansa. Waɗannan ƙwari ba sa jure guba, shi ya sa in sun ɓace daga kogi aka san ruwan ya lalace.

Shirin Wagadugu ya ɗauki alkawarin ba zai kashe koguna garin kashe ƙuda ba, sai ya sa masana su riƙa ƙidaya waɗannan ƙwari. Nan aka sake faɗawa ramin da aka fito. Ta yaya za ka ce wane ya ragu alhali ba ka iya raba shi da ɗan'uwansa? Yawancin na Afirka ta Yamma ko suna ba su da shi, waɗanda ke da shi kuma aron na Turai aka yi musu. Jean-Marc Elouard da abokan aikinsa Faransawa suka haɗa kai da Michael Gillies, likita Bature da ya yi suna a kan sauron zazzaɓin cizon sauro, sauron da shi ma suna ɗaya ne ya ɓoye jinsi da dama. Hanyarsu ta haƙuri ce: a kamo ɗan ƙwaro da rai, a rene shi shi kaɗai har ya fashe ya fito da fukafuki, a adana rigar da ya tuɓe tare da babban, don a tabbata wannan ɗan na wannan uban ne. Sannan a duba gaɓoɓin baki da ganyen numfashin ɗan, da idon namiji da al'aurarsa, da ko yana da ƙaramin fiffike na baya. Da haka Gillies ya ware na Afirka daga dangin Turai mai suna *Centroptilum* a 1990 ya kira su *Afroptilum*, shekarun da suka biyo baya kuma wasu masana suka sake rarraba wannan ɗin ma gida-gida. Daga 2003 aka samu hanyar karanta wani ɗan yanki na DNA a matsayin shaidar jinsi, wadda ke haɗa ɗa da uba ba sai an yi reno ba.

Komawa gindin Zuma

Najeriya ba ta shiga shirin feshin jirage ba. Abin da ya cece ta ƙwaya ce. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da Mectizan kyauta muddin ana buƙata, kuma a Jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka nuna, a binciken da suka wallafa a 1993, cewa shan sa shekara-shekara na rage lalacewar jijiyar ido. Mutanen karkarar Jihar Neja sun san mai rabon magani da sandarsa ta awon tsayi, wadda ke faɗin ƙwaya nawa mutum zai sha. A watan Janairun 2025 Jamhuriyar Nijar, ƙasar da Sirba ke zuba, ta zama ta farko a Afirka da aka tabbatar ta raba gari da cutar.

Kafin a ce wa wata jiha ta daina rabon magani, sai an kama ƙudaje dubbai an niƙa kawunansu an nemi DNA na tsutsar. A nan ma kama da wane na jira: shanun Fulani na da tasu tsutsar, *Onchocerca ochengi*, wadda ƙuda ɗaya ke ɗauka, kuma a madubi ba ta da maraba da ta mutum. Wanda bai raba su ba zai ci gaba da ba gari magani saboda cutar saniya.

Matafiyi daga Kaduna in ya iso Madalla, Zuma yake ɗaga kai ya kalla, ya nemi fuskar nan da ke jikin dutsen, wadda ke kan tsohuwar takardar naira ɗari. Ba ya duban ƙasa, inda rafuka ke ratsa ƙarƙashin kwalta. A can ƙarƙashin duwatsun ruwa kuwa akwai halittun da har yau ake kiran goma da sunan ɗaya. Masu iya karanta ratsi a madubi sun yi ƙaranci, kuma ba aiki ba ne da ke kawo kuɗi ko suna. Amma Suleja ta riga ta ga abin da ke faruwa in aka fita yaƙi da suna kawai: shekara goma ana zuba magani a Gurara, abokin gaba na zuwa daga inda ba a zata ba, sanye da rigar ɗan gida.